Kewar Musu

A Sabon Gari "aboki" ake kirana, a Fagge kuma "ɗan mishan". Tazarar da ke tsakanin sunayen nan biyu ba ta kai tafiyar minti ashirin a ƙafa ba, kuma ina yin ta safe da yamma tun 1981, shekarar da Baba ya kama hannuna ya kai ni koyon ɗinki wurin wani Alhaji a Fagge. Shekarata goma sha biyar. Garin bai gama dawowa hayyacinsa daga yaƙin Maitatsine ba, wanda aka gwabza a 'Yan Awaki, nan kusa da mu, a Disambar 1980.

Mu Hausawa ne, asalinmu Maguzawan ƙasar Rano. Ciwon ido ne ya kawo Baba Kano yana saurayi, aka kwantar da shi a asibitin ido da mishan ɗin SIM suka buɗe a 1943. Ido ya warke, shi kuma bai koma gida ba. Ya fara da shara a harabar asibitin, ya koyi karatu, aka yi masa baftisma, daga bisani ya zama mai bishara a ECWA. Ɗaki biyu muka kama a wani gidan haya a Sabon Gari, unguwar da Turawa suka yanka wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar Kudu su zauna nesa da ganuwa. Sunayen titunan ma sun isa shaida: Gold Coast, Freetown, Warri, Enugu, Abeokuta. Wanda ya zana taswirar bai sa irinmu a lissafi ba. Maƙwabtanmu Ibo da Yarabawa sun daɗe suna mamakin ganin mutum da babbar riga da hula zanna yana fita ran Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hammata.

Kayan aikin Baba ba su da yawa. Keke Raleigh, jakar fata, Littafin Waƙoƙi, da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 wadda Dokta Miller na Wusasa ya sha wahalarta. Ko da sabuwar fassara ta fito, a tsohuwar yake hadda, wai ita bakinsa ya saba da ita. Akwai kuma garmaho mai hannu da yake ɗaurewa a bayan keke in za shi ƙauye, yara su kewaye shi suna leƙen inda mai maganar ya ɓuya. Lokacin shirin Sabon Rai Don Kowa biyu-biyu masu bishara suke fita. Da dare kuma a murɗo gidan rediyon ELWA daga Manrobiya, ana ji yana shashshaka kamar ruwa a kwano. Amma duk wannan a ƙauye ne. A cikin Kano ban taɓa ganin Baba ya tsaya a bakin titi yana wa'azi ba. Ya san labarin Bishop Tugwell da jama'arsa, waɗanda suka iso a 1900 Sarki Alu ya ba su kwana uku su bar gari. Yakan ce Kano ba a yi mata magana a tsaye, sai a zaune.

Wurin zamansa kuwa bencin ƙofar shagon Alhaji ne, duk Alhamis bayan la'asar.

Ina kan keken ɗinki ina kalmasa, kunnena na waje. Sai su gaisa har su gaji, a tambayi iyali da gajiya da kasuwa, Alhaji ya fasa goro ya miƙa wa Baba ɓari. Daga nan a buɗe fage. Alhaji ya yi karatun zaure sosai, ba a yi masa shigo-shigo. "Malam," in ji shi, "mutum mai hankali kamarka, yaya za a yi ɗaya ya zama uku?" Baba ya gyara zama ya kawo nasa. A koma kan gicciye: an gicciye Annabi Isa ko kamanta shi aka yi? A koma kan Linjila: ta asali ce a hannunmu ko an sa mata hannu? Wani lokaci murya ta tashi har maƙwabtan shago su leƙo. Kiran magariba ne ke raba su. Alhaji ya ɗauki buta, Baba ya ɗauki keke, "Sai Alhamis in Allah ya kai mu."

Wata rana, ban manta ba, Alhaji ya yi shiru tsakiyar magana, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Wallahi Malam, wuta nake ji maka tsoro." Baba ya ce, "Na sani, Alhaji. Ni ma ban taɓa kwanciya ban ambaci sunanka ba." A lokacin dariya abin ya so ba ni. Shekara da shekaru ana abu ɗaya, babu wanda ya gusa ko taƙi. Ɓata yawu kawai na ɗauke shi.

A ƙarshen Oktoban 1982 rigima ta tashi kan sabon ginin majami'ar Hausa ta Anglican da ke Fagge, kusa da masallacin Juma'a, ginin da Akbishop na Kantabari, Robert Runcie, ya aza harsashinsa a shekarar. Aka ƙona majami'u da dama. Alhamis ɗin da ta biyo baya Baba ya zo kamar kullum. Ranar ba a yi musu ba. Goro kawai suka ci har magariba.

Mu samari fa wani zamani muka shiga. Sababbin majami'u suna ta tsirowa a Sabon Gari, a shaguna da azuzuwan makarantu, da jita da ganguna da Turanci da lasifika mai tsaga kunne. Ana maganar mu'ujiza, ana maganar cin gari gaba ɗaya domin Yesu. In ka fito daga irin wannan taro ka tarar da tsoho a benci yana tauna goro da wanda ba zai taɓa tuba ba, sai ka ji kamar an bar ka a baya. Saboda haka da aka ce mai wa'azin nan na Jamus, Reinhard Bonnke, zai zo Kano a Oktoban 1991, ina cikin waɗanda suka fara ba da suna. Shekarata ashirin da biyar, ina da kekena a shagon Alhaji. Da dare muke fita da bokitin kullun rogo muna manna takardun talla a bango da turakun lantarki, da rana motoci masu lasifika su zaga. Mun manna har inda hankali bai kamata ya bari mu manna ba.

Baba bai hana ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, yana wanke hannu bayan tuwo: "Waɗanda za su kwana a garin bayan baƙo ya hau jirginsa, an tambaye su?" Na ce a raina tsufa ne da tsoro. Ban san cewa kalmar da muke kiran taron da ita, kurused, a kunnen wanda ya karanta tarihi sunan yaƙe-yaƙen Salibiyya ba ne. Ban kuma damu da ƙorafin da ke yawo a Fagge ba, cewa an hana Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Ina jin ana faɗa a shago, ina taka kekena. Ƙorafin nan ba ya wanke wanda ya ɗauki wuƙa daga baya, ko kusa. Amma ni na san Hausa, na san Fagge, na ji yadda maganar mutane ta sauya a makon nan, na toshe kunne.

Litinin 14 ga wata ina shago. Tun da hantsi aka ce masu zanga-zanga sun nufi fadar Sarki Ado Bayero. Bayan azahar sai hayaƙi ta wajen Sabon Gari. Alhaji bai yi shawara da ni ba. Ya tura ni ɗakin ciki inda muke ajiye ɗinkin mutane, ya jibga mini shadda da yadi a kai, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya koma bencinsa ya zauna da carbi. Ina ji wasu suka tsaya suna tambayar ina ɗan mishan ɗin nan nasa. Ya ce, "Yaron da ke shagon nan ɗana ne. Mai nemansa ya fara da ni." Ƙanshin sabuwar shadda har yau yana tayar mini da zuciya. Da dare Hajiya ta aiko da tuwo miyar kuka, na kasa haɗiya.

Da asubar Talata babban ɗan Alhaji ya raka ni har inda ya ga zai iya, ya juya. Abin da ban lissafa ba shi ne, haɗarin yana gabana. A wannan karon Sabon Gari ba ta tsaya kallo ba, samari sun tare bakin tituna da duwatsu da tayoyi da adduna. Suka ga kaftani da hula, suka ji harshe. Ina rantsuwa ni Kirista ne, ina jero sunayen littattafan Sabon Alkawari, babu mai saurare, har Allah ya kawo wata maƙwabciyarmu mai sayar da garin rogo ta kurma ihu cewa ɗan Fasto ne. Aka sake ni.

Ban yi taku ashirin ba suka kamo ɗan garuwan layinmu. Shekara biyar ko fi yana kawo mana ruwa, Mama takan ajiye masa ɗumame. Ya hango ni. Ya ce, "Ɗan Malam! Ɗan Malam, gaya musu!" Na san in na buɗe baki da Hausa a wurin nan za a sake duba ni. Na sunkuyar da kai na shige gida. Aka sa dokar hana fita, sojoji suka shigo, aka fitar da baƙon daga gari, taron bai yiwu ba. Hukuma ta faɗi nata adadin, mu da muka bi titunan mun san ya fi haka. Ban gaya wa Baba abin da ya faru ba har ya rasu a 1998. Alhaji ya zo zaman makoki kwana uku a jere, a tsakar gidan haya a Sabon Gari, yana karɓar gaisuwa tare da mu kamar ɗan'uwa. Da nasa lokacin ya zo bayan shekara takwas, na tsaya a bayan sahu har aka idar da salla, na bi su maƙabarta, na zuba ƙasa.

Shekarun da suka biyo baya kowa ya san su. Aka ƙaddamar da Shari'a a 2000. Aka yi ramuwar rikicin Yelwan Shendam a Mayun 2004. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, na ga da idona Kiristoci sun yi zobe a shataletalen Silver Jubilee suna gadin Musulmi masu salla, na ce to, ga alama mun yi hankali. Ba a yi wata guda ba, ran Juma'a 20 ga watan, Boko Haram ta tashi bama-bamai a gari ta kashe mutum sama da 180, Musulmi da Kirista. Ran 18 ga Maris 2013 aka tashi bam a tashar manyan motoci ta New Road. Majami'u suka ɗaga katanga, 'yan Birged suka koma binciken jaka a bakin ƙofa. Fitar bishara a cikin gari ta mutu ba wanda ya sanar da mutuwarta.

Duk wannan, ko da ɗaci, abu ne da na san kansa. Wanda ya zo bayansa ne ya same ni ba shiri.

Autana yana da aboki ɗan Fagge, Musulmi, tare suka yi sakandare. Wata rana suna zaune a shago, wanda yanzu ni ke haya a hannun 'ya'yan Alhaji, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Sai na ji sha'awar tsokana, na jefa wa yaron tambayar da Alhaji ke jefa wa Baba, na juya ta. Na gyara zama ina jiran wuta. Ya ɗago ya yi murmushi cikin ladabi ya ce, "Ai Baba, kowa da gaskiyarsa. In taka ta yi maka, shi ke nan." Ya koma kan waya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗana ya gyaɗa kai.

Na kwana ina juya maganar. Ta fi jifa daɗin ji, babu shakka, kuma wanda ya ga 1991 ba zai raina duk abin da zai hana yara ɗaukar adda ba. Amma Alhaji da ya ce yana ji mini tsoron wuta, ya ɗauke ni da nauyi. Wannan yaron bai ji mini tsoron komai ba, bai kuma ga dalilin da zan ji masa ba.

A wani kwas na dattawan ikilisiya, wani matashin Fasto da ya fito daga makarantar tauhidi ta Jos ya ba abin wani dogon suna na Turanci, ya fassara shi da zamanin da ya biyo bayan zamani: lokacin da mutane suka daina yarda da duk wani babban labari da ya ce shi ne ya tattara gaskiyar duniya. Ya ba mu labarin Lesslie Newbigin, Baturen Ingila da ya yi kusan shekara arba'in yana aikin bishara a Indiya, ya koma gida a 1974 ya tarar ƙasarsa ta fi Indiya wuyar wa'azi, don a Indiya ana musu da shi, a Birmingham kuwa kafaɗa kawai ake ɗaga masa. Na ji daɗin labarin, amma na ce wa Faston ya yi a hankali, Kano ba Birmingham ba ce. Nan ran Juma'a sahu har kan kwalta, ran Lahadi kuma ba titin Sabon Gari da ba ka jin ganga. Nan ne aka yanke wa Mubarak Bala ɗaurin shekara 24 a 2022 kan abin da ya rubuta a Facebook. A watan Mayun shekarar, a Sakkwato, ɗaliba Kirista ta rasa ranta kan saƙon murya a WhatsApp. Wa zai ce gaskiya ta zama abin wasa a ƙasar nan?

Abin da na lura shi ne, namu shakkun ba ya fita tsirara. Yana sa kaftani ya je masallaci, ya sa kwat ya zo sujada, sannan ya koma aljihu. Waya ta zuba kowa a faranti ɗaya: malami, Fasto, mai barkwanci, mai maganin basir, ɗan siyasa, kowa minti ɗaya, babban yatsa ya ture shi ya kawo na gaba. Yaran sun ga masu wa'azi da jiragen sama na kansu, sun ga malamai suna yi wa juna raddi dare da rana. Don haka in ka buɗe baki, ba sa tambayar ko abin da ka faɗa gaskiya ne. Tambayarsu ita ce, me wannan zai ci a ciki?

Mu ma mun shiga farantin. Lokacin kullen korona a 2020 autana ya kafa waya a gaban bagadi, aka riƙa watsa sujada ta Facebook. Sai ga shi waƙar Zumuntar Mata, da tulunsu da kacau-kacau, ta fi wa'azin Rabaran samun masu kallo nesa ba kusa ba, abin da har yau ba a so a faɗa a gabansa. Zagi yana zuwa a fili. Tambayoyi kuma suna zuwa a ɓoye, ƙarfe ɗaya ko biyun dare, daga mutanen da ba za su taɓa taka ƙofarmu ba, irin zuwan Nikodimu. Mafi yawansu ba aya suke nema ba. Wani cewa ya yi bai taɓa sanin akwai masu yabon Allah da Hausa irin ta kakarsa a coci ba.

Amma wanda ya fi zame mini darasi ɗan cikin gida ne. A majami'armu aka yi masa baftisma. Mahaifinsa mai yankan tikiti ne a New Road, yana cikin waɗanda ba su dawo ba a 2013. Yaron ya girma ya zama mai gyaran waya a titin Beirut, ya daina zuwa sujada, dattawa suka ce in je in dawo da shi. Na tafi da ayoyi na sa musu alama da tsinken tsintsiya, yadda Baba ke yi. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya saya mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Baba, duk na san su. Ni na ci gasar haddar aya shekara biyu a jere. Ba ku na raina ba, amma abin nan kasuwa ce. Kowa nasa yake tallatawa." Sau uku ina zuwa ina komawa da kayana.

Zuwa na huɗu wayata ce ta lalace da gaske. Ya buɗe cikinta, ya sa tabarau mai ƙara girma, yana liƙa wani abu da dalma. Bai ɗago ba ya ce, "Baba, kullum a coci labarin yadda aka kashe mu ake ba mu. Mu ba mu taɓa kashe kowa ba ne?"

Ban shirya ba. Matata ma ba ta san labarin ba. Amma na ji in na ba yaron nan amsar dattijo, ba zan sake ganin idonsa ba. Na gaya masa komai: kullun rogo, ɗakin shadda, shingen tayoyi, da muryar da ta kira ni ɗan Malam. Na ce masa ni ba don na ci musu nake riƙe da addinin nan ba, Baba ma bai ci ba. Ina riƙe da shi ne saboda Bitrus, wanda ya yi irin nawa har sau uku a dare ɗaya, aka kuma neme shi a bakin teku aka ba shi abinci aka mayar masa da aikinsa. In babu irin wannan gafarar, ban san inda zan kai muryar ɗan garuwan nan ba.

Ya ajiye ƙarfen. Ya daɗe yana kallon titi, masu A Daidaita Sahu suna ta ƙaho. Sannan ya haɗa wayar ya miƙo mini, ya ƙi karɓar kuɗi. Bai ce komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Bayan mako biyu sai ga shi a Fagge, wai yadi ya kawo a yi masa 'yar shara. Ranar Alhamis ce, ba da saninsa ba. Na auna shi, ya zauna a benci, bencin nan dai, an sake masa ƙafa ɗaya. Tun daga nan yake zuwa. Bai koma sujada ba, dattawa suna tambayata ina aka kwana, ina ce musu ana nan. Abin da yake yi shi ne musu. Makon jiya ya zo da bidiyon wani Bature mai cewa labarin tashin Almasihu daga matattu ƙari ne da aka yi daga baya, ya kunna mini, yana fassarawa yana buga benci, har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Na aika yaro ya sayo goro. Ya ce shi ba ya cin goro, haƙora yake ɓatawa, sai aka kawo masa gurasa. Muna ciki aka kira magariba. Na ce ya bar mini bidiyon in sake ji, ya tura mini ta WhatsApp, ya ce kada in je in tambayi Rabaran, amsata yake so. Yau Talata, na saurare shi sau huɗu, ga kuma ɗinkin biki na mutum shida da na yi alkawarin gamawa kafin Alhamis.